Ƙofar da Na Rufe wa Inna

Bilkisu, wannan babin naki ne, ko da yake ɗan'uwanki Nura ma ya karanta, don na san shi ma yana da irin tunaninki, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. Ranar nan da kika kira ni kina kukan aikinki ya tsaya cik tun da ma'aikatarku ta ce ku riƙa yi daga gida, na ba ki shawara irin ta uwa, na ce ki samu ɗaki guda ki shige ki rufe ƙofa daga hantsi zuwa azahar. Kika yi 'yar dariyar nan taki, kika ce:

"Mama, ni ba ni iya ruhe ma mutane ƙohwa yadda kinka ruhe ma Inna."

Na tambaye ki lafiyar yara, muka yi sallama. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki, don ta yi mini ciwo, kuma abin da ya ƙara mata zafi shi ne akwai gaskiya a cikinta. Rabin gaskiya ce, amma gaskiya ce. Tun da na ɗauki alƙalami don in bar muku labarin rayuwata, to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗa miki yadda aka yi aka rufe ƙofar nan, da wanda ya ce a rufe ta, da abin da ta ci mini.

Kin san aikina a lokacin. Shekara da shekaru ina zagaya makarantun firamare na ƙauyuka, daga nan Ƙaura zuwa ƙasar Shinkafi da Zurmi, ina nuna wa malaman aji ɗaya yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali har ya karanta da kansa. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son hanya, ina son ƙurar alli, ina son lokacin da idon yaro ke buɗewa ya gane cewa "ba" da "ka" in an jera su sun zama baka. Sai shekarar nan ta zo da hanyoyi suka lalace, ba da ramuka ba, da mutanen daji. Makarantu da yawa suka watse, daga baya ma aka katse layin waya, muka koma kamar zamanin kakanni, saƙo sai ta bakin direba. Ofishinmu ya yanke shawara cewa tun da ƙafa ba ta kaiwa, murya ta kai. Aka ce in zauna gida in ɗauki darussa sittin a waya da muryata, a juye su a memori, a ba direbobi su kai wa malaman da suka rage a ƙauyuka, su kuma su tara yara a gindin itace ko a zaure su kunna musu a ƙaramar rediyo. Aka ba ni zuwa ƙarshen damina. Shugabanmu ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa babu wanda zai yi in ban yi ba, kuma in ba su iso ba, yaran aji ɗaya na wannan yankin sun yi asarar shekara ke nan.

A shekarar ce kuma Inna ta baro Kurya Madaro. Ba da son ranta ba. Sai da noma ya gagara, maƙwabtanta suka kwashe, babanku ya ɗauki motarsa ya je da kansa ya durƙusa mata, sannan ta yarda ta zo ta zauna gidan suruki, abin da ta rantse ba za ta yi ba ko da za ta kwana a rumbu. Ta zo da ƙunshin kaya guda, da taskirarta ta kaɗi mai mazari da alli a ciki, da jar akuyar nan mai bakin tsiya da kuke tsokana. Kin tuna yadda take ja da mayafi ta juya wa bango fuska in ta ji tarin babanku a zaure. Kin kuma san yadda take kira na. Ni ce 'yar farinta, kuma sunan uwar mijinta aka sa mini, kunya biyu ke nan a kan suna guda. Gari duk Ladi suke ce mini, daga baya Malama Ladi. Inna ko Ladin ba ta faɗa. "Ke wagga," ko "uwar su Bilki," in kuwa ta yi fushi, "wance." Na haura hamsin ban taɓa jin sunana na yanka a bakinta ba, ban kuma taɓa sa rai ba. Haka muka taso muka tarar, ba abin kuka ba ne.

Da aka ce in yi aiki a gida, murna na yi. Na ce ashe hutu ya zo kafin ritaya. Babu sammakon tasha, babu ƙura, ga uwata kusa da ni. Wata guda ya wuce ina da darasi huɗu, biyu daga ciki ma ba su saurarruwa, kukan akuya da lugudan maƙwabta sun cinye su.

Da na so, sai in ɗora wa mutane laifin, kuma suna da nasu kason. A garin nan, mace in tana gida to tana nan, in kuwa tana nan to ta kowa ce. Hajiya Kulu maƙwabciyarmu za ta shigo aron rariya ta zauna har rana ta take. Wannan ta kawo takardar asibiti in karanta mata, waccan ta zo in raka ta barka, ga gaisuwar rasuwa da ba ta ƙarewa a shekarar. Wa zai yi sallama ka ƙi amsawa? Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a jikina take. Ina tashi da zanen da na kwana da shi, in ce bari in ɗan share tsakar gida tukuna. In na share, sai in ga tukwane. In na ɗauki waya zan fara, sai in tuna ban tsince wake ba. Ni da ban taɓa makara ofis ba a shekara ashirin da wani abu, na zama mai jiran sallamar baƙo don in samu hujjar ajiye aiki. In dare ya yi in kwanta da nauyin zuciya, in ce gobe, goben kuma ta zo ta tarar da ni da tsintsiya.

Inna tana zaune gindin dogon yaro tana kaɗinta, tana kallona ta wutsiyar ido, ba ta ce uffan ba. Sai ranar da babanku ya dawo daga kasuwar Shinkafi da saƙon baki. Wani malami daga Badarawa, Malam Isiyaku, ya tare shi a tasha ya ce ya tara yara talatin da wani abu a zauren gidansa, ya sayar da zakaransa ya sayi rediyo, kullum suna tambaya yaushe muryar Malama za ta iso. Babanku ya faɗa mini, ya shige ɗakinsa. Na zauna bakin murhu, kunya ta rufe ni har hawaye suka zubo. A nan Inna ta yi magana, idonta na kan zarenta.

"Ke wagga, wai aikin ga da kika yi, mi a awonai?"

Na ce wane irin awo, Inna?

"Ni in na zamna kaɗi, mazari ukku nika cikawa kahin azahar. In ban cika ba, ban yi aiki ba, zama niy yi. Ke mi kika cikawa?"

Na ce ai aikina ba irin nata ba ne, aikin ofis ne aka dawo da shi gida, kuma aiki a gida sabon abu ne, ba mu saba ba. Ta ajiye mazarin ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba.

"Sabo gare ku. Mu ina munka taɓa yin aiki in ba cikin gida ba? Da zaren ga niy yi maki kayan ɗaki, kuma ban taɓa zuwa ohis ba. Ke da alli, ni da alli. Ke dai ba ki iya zama ba."

Na so in ji haushi, amma dariya ta riga shi fitowa. Da tsohuwar zuma ake magani. Washegari da asuba ta sa ki, Bilkisu, kika kwashe buhunan gero daga rabin ɗakin ajiya, kina ƙunƙuni, aka shimfiɗa tabarma aka sa ƙaramin tebur. Ta ce in yi wanka in yi shiri tsaf irin na fita, atamfa da mayafi da turare, in sa takalmi, in rataya jaka. Na yi, ina jin kaina kamar mai wasan yara. Na nufi ɗakin, sai ta ce in tsaya.

"Haka kika tahiya aiki ba sallama?"

Na ce, "Inna, sai na dawo."

"A dawo lahiya. Allah shi ba da sa'a."

Taku goma sha biyu ne daga gindin dogon yaro zuwa ƙofar ɗakin gero, na sha ƙirgawa. Amma wallahi da na shiga na ja ƙofar, sai na ji na bar gida. Ban san yadda zan bayyana miki ba, sai kin gwada. Jiki ba ya gardama da abin da ya saba, in ya ji takalmi da mayafi ya san fita aka yi.

Awona darasi uku ne, ni ma. Ba ta yarda in fara da mai sauƙi ba, ta ce audugar da ta fi ƙulli ita ake fara kaɗawa tun yatsu na da ƙarfi. In an kira azahar kuwa dole in fito ko aikin ya yi daɗi, ta ce mai zarce awo yau, gobe ba ya cika shi. Abu guda da na fi riƙewa har yau shi ne abin da take kira bakin zare. Ba ta taɓa tashi daga kaɗi ta tsinke zare ƙarƙaf ba, sai ta bar ɗan tsayi yana lilo don gobe ta kama nan take. Ni ma sai na riƙa rubuta layin farko na darasin gobe kafin in fito, in bar littafin a buɗe. Da safe ba na tsayawa tunanin ta ina zan fara, wanda da shi ne ke kai ni wurin tsintsiya.

Wayar a kan taga nake ajiye ta, don ta nan igiyar ƙaramar sola ke shigowa. Inna kuma ta ɗauke tabarmarta daga gindin itace ta dawo da ita ƙarƙashin tagar, inda take ganin duk mai shigowa daga zaure. Ta zama mai gadina. Rana ta biyu Hajiya Kulu ta shigo, ina ji daga ciki.

"Inna, Malama na nan?"

"Ta tahi aiki. Sai azahar."

"Yo ba anka ce an hana su hita ba? Ai na ji muryatta yanzu."

"Ta yi mani sallama, na ce a dawo lahiya. Duba ƙohwar ɗakinta, kin ga takalminta?"

Hajiya Kulu ta duba ba ta ga takalmi ba, don suna ƙafata. Ta fita tana cewa boko dai bai bar komai ba. Ta yi kwana uku tana amsa gaisuwata da hanci, sannan ta koma zuwa da la'asar, muka ci gaba da zumuncinmu har ta rasu. Inna ba ta taɓa cewa ba na nan ba, kin san ta da gudun ƙarya. Ta tafi aiki, shi ke nan, kuma gaskiya ta faɗa. Da ta lura duk sallamar da aka yi sai muryata ta tsaya a ciki, ta ciro auduga daga taskirarta ta murza ƙwallo biyu ta miƙo mini, ta ce kunne ke fitar da mutum daga aiki, ba ƙafa ba. Daga ranar da auduga nake shiga. Ina jin muryata a cikin kaina, tsakar gida kuwa ta koma can nesa kamar kasuwar wani gari.

Yadda darasin yake, zan ce "ka," in yi shiru in ƙirga uku a zuci don yara su maimaita, in ce "ki," in sake yin shiru. Bayan la'asar sai in saurari abin da na ɗauka. Duk wanda hayaniya ta shiga, in goge in sake gobe. Na goge kukan akuya ba adadi. Na goge tarin Inna, na goge muryarta tana korar kaji, tana sallamar baƙi, tana 'yan waƙe-waƙenta na kaɗi ƙasa-ƙasa. Ina gogewa ina tsaki, don a wurina ɓarnar aiki ce. Duk mako babanku ko wani abokinsa direba ya ɗauki memori a aljihu ya yi arewa da su. Kafin gero ya yi kai na wuce darasi arba'in.

Yanzu ga ranar da kike nufi, don na san ba rufe ƙofar kullum ke ranki ba, rana guda ce. Inna ta tashi da zazzaɓi ba ta gaya wa kowa ba, ta yi mini a dawo lafiya kamar kullum. Da hantsi kika same ta kwance kan tabarma jikinta na rawa. Kika zo kika buga ƙofa. Kin daɗe kina ɗauka audugar ce ta hana ni ji, har kin taɓa kare ni da haka a gaban gwaggonki. To, ba haka ba ne. Na ji. Ƙofar langa-langa ce, ko kurma ya ga tana motsi. Ina tsakiyar darasi na biyu na ranar, muryata ta zauna daidai, na ce a raina gishiri ne ko kuɗin cefane, bari in ƙarasa. Kika buga sau biyu kika daina. Daga baya kika gaya mini Inna ce ta ɗago kai ta ce ki bar ni, na tafi aiki. Ni kuma da na ji shiru sai na ce ashe ba komai, na zarce na uku. Sai azahar na fito na tarar da uwata ba ta gane mutane sosai, ke kuma kina zaune kusa da ita da tsumma da ruwa, kika ɗago kika yi mini wani kallo da har yau ban manta ba.

Muka kai ta asibiti, ta kwana huɗu. Likita ya ce sa'o'in nan biyu ba su ne suka yi komai ba, ciwon ya daɗe a jikinta. Na ji daɗin maganarsa, amma ba na fakewa da ita. Ban san haka ba lokacin da na ƙi buɗewa. Na zaɓi darasi a kan bugun ƙofar 'yata, wannan laifina ne, kuma na roƙi Allah gafara a kai, yanzu kuma ina roƙon taki. Abin da ba ki ji ba shi ne maganar farko da ta yi mini da ta farfaɗo, kin fita sayo kunu. Na kama hannunta ina kuka ina cewa ta yafe mini, na bar aikin nan, su nemi wani. Ta zare hannun, kin san ba ta son irin wannan.

"Ranar nan, kin cika ukku?"

Na ce na cika.

"To, mi a na kuka? Ɗiyan mutane na jiranki. In mun koma ki ɗora inda kinka tsaya. Amma ki hidda auduga guda, kunne ɗaya ya isa."

Haka aka yi. Daga ranar kunnena na dama a buɗe yake, na kuma ce miki in kin buga sau uku a jere zan fito ko ina tsakiyar kalma. Ba ki sake bugawa ba. Inna ta koma ƙarƙashin taga, amma mazari guda take cikawa, daga baya rabi, daga baya sai dai ta riƙe shi a cinya. Na kai darasi na sittin ana yankan gero. Na fito ranar tun kafin azahar na ce mata na gama, ta ce madalla, ta ce in ɗebo mata ruwa. Iyakar bikin da aka yi ke nan. Ba ta ga sanyin shekarar ba, Allah ya karɓi abinsa bayan an kai amfani gida, da rana tsaka, kanta a cinyata. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta.

Bayan an share makoki na ɗauki wayar nan na bi ta kaf, ina neman ko tari guda nata. Babu. Na yi aikina da kyau ƙwarai, na goge ta tas. Darussan ma an kwashe su ofis, na share wayar don ta cika. Ga murya sittin tawa ta bazu a ƙasar Shinkafi da Zurmi, ta uwata ko ɗaya ban bari ba. Safiyoyin ƙarshe na rayuwarta bango ne tsakanina da ita, kamu ɗaya kaurinsa. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ba na son ki ɗauka ban san na biya ba.

Sai bayan wata huɗu Malam Isiyaku ya samu hanya ya zo Ƙaura, ya biyo yi mini ta'aziyya. Wani siririn dattijo ne mai yawan ban haƙuri. Muka gaisa a zaure, ya yi addu'a, ya gaya mini yaransa fiye da rabi sun fara karanta gajerun kalmomi, har wata yarinya ta karanta rubutun jikin buhun taki ubanta ya rasa inda zai sa kansa. Ya tashi tafiya, sai ya koma ya zauna yana murza hularsa.

"Malama, gahwara dai, akwai tambaya. Cikin darasi na talatin da takwas, akwai wurin da ban gane ba. Na duba littahen da anka aiko, babu shi ciki. Yara ko sun hardace shi, shi sunka hi so. Wai wace ce Habsatu?"

Na ce ina ya ji wannan sunan? Ya ciro rediyonsa daga aljihun riga, ya lalubo wurin ya kunna. Na tuna makon, direba ya zo da wuri yana sauri, na juye darussa biyu ban saurara ba, kuma lokacin kunnuwana duka biyu a toshe suke. Na ji muryata ta ce "ta," shiru, "ti," shiru. A cikin shiru na biyu akuya ta yi kuka. Sai wata murya kusa da taga, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya tabbata babu ɗan Adam mai jinsa:

"Ke ja, yi mana shiru. Habsatu na aiki."

Malam Isiyaku ya ce ai su yara duk abin da rediyo ta faɗa maimaitawa suke, haka aka koya musu. In an zo wurin sai su ɗauka gaba ɗaya, su talatin da wani abu, da ƙarfinsu: ke ja, yi mana shiru, Habsatu na aiki. Ya ce har ta kai in aji ya kaure da surutu, ba ya ɗaukar bulala, wannan kawai yake faɗa su nutsu. Yana ba ni labari yana dariya, sai ya ga fuskata, ya fara ba ni haƙuri bai san laifin da ya yi ba. Na ce masa babu komai, Habsatu ni ce, mai maganar kuma ita ce wadda ya zo yi wa addu'a. Sannan ya zare memorin ya ajiye a gefen tabarma, ya ce zai juya wani wurin malamin ƙauyen gaba.

Ban gaya muku ba a lokacin. Ita ta ɓoye sunan nan shekara hamsin da wani abu, ba ta faɗe shi ba sai ga akuya, na ga bai kamata in yi ta yawo da shi a tsakar gida ba. Ni ma 'yarta ce, na gaji kunyar. Amma na ga shirun nawa ya bar ki da rabin labari, har kin girma kina tsoron ƙofa.

Don haka, Bilkisu, ki rufe ƙofarki. Ki yi wanka, ki sa takalmi, ki yi wa mutanen gidanki sallama, ki san awonki, in kin cika ki fito. Ki bar kunne ɗaya a buɗe, wannan ni na biya miki kuɗinsa. Memorin yana cikin taskirar Inna a ƙasan akwatina, na naɗe shi a auduga tare da mazarinta. In kun zo hutu ke da Nura ku ɗauka ku saurara, darasi na talatin da takwas ne, bayan "ti." Sai dai ku bari sai na fita unguwa, don har yau ban iya jin sa a gaban mutane ba.